Yadda Ake Riƙe Mafarki Bayan An Farka, Da Yadda Ake Maganin Wanda Ya Addabi Mutum

Tambayoyi biyu ne ake ta maimaita mana daga Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru har zuwa Njamena a Chadi. Wasu na cewa sun san sun yi mafarki, amma kafin su kai ga buta ya ɓace kamar an share allo. Wasu kuma mafarki ɗaya ne yake dawo musu dare bayan dare har suna tsoron shimfiɗa. Hanyar gyara duka biyun tana farawa daga wuri guda, don haka muka jera matakan yadda ya kamata a bi su. Kada a tsallaka zuwa mataki na 8 ba a yi na farko ba.

1. Haɗa kayan aiki

Kana buƙatar littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wato kaye, mai shafi 200 da bango mai ƙarfi. Bik, wato biro, guda biyu, domin ɗaya zai ƙafe ranar da ka fi buƙatarsa. Da ƙaramar tocila mai hasken da bai cika ƙarfi ba. Duka a kasuwa da wuya su kai sefa 2,000, kuma idan akwai tocila a gida kuɗin ba zai wuce 700 ko kusa da haka ba. Wanda rubutun boko bai zauna masa ba ya yi da ajami, ko da Faransanci, ko ya gauraya. Kai kaɗai za ka karanta.

Ajiye kayan a inda hannunka zai kai ba tare da ka ɗaga kai ba. Idan a cikin gidan sauro kake kwana, su ma su kwana a ciki, kusa da matashi.

Gargaɗi: ana iya amfani da waya a ɗauki murya, musamman ga wanda ba ya rubutu, amma fa a kashe intanet tun da dare. Saƙo ɗaya na WhatsApp da idonka ya faɗa a kai ya isa ya kore mafarkin gaba ɗaya.

2. Lissafa lokacin barcinka

Nan ne mafi yawan masu cewa "ni ba na mafarki" suke da matsala. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma dare cikakke yana ɗauke da zagaye 4 zuwa 6. A ƙarshen kowane zagaye ana shiga wani yanayi da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai farke, gaɓoɓi kuma a sake sarai. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce masa sommeil paradoxal, mu kuma a nan za mu kira shi barcin motsin ido. A cikinsa ake yin mafarkai masu tsawo da labari. Idan aka tashi mutum a wannan lokaci, kusan sau 8 cikin 10 zai ba da labarin abin da yake gani.

Abin lura shi ne rabon bai zo daidai ba. Barcin motsin ido na farko gajere ne, minti 5 zuwa 10. Na goshin asuba yana kai rabin awa ko fiye. Gaba ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na barcin babban mutum, amma mafi yawansa a ƙarshen dare yake.

To yi lissafi. A yankinmu kiran asuba yana faɗowa ne wajen ƙarfe 4:30 zuwa 5:15, gwargwadon watan da ake ciki. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 na dare ya tashi 4:45 ya samu awa 6 da minti 45, zagaye huɗu da ɗoriya. Wanda ya zauna hira a teburin mai shayi ko kallon ƙwallo har 12:30 ya samu awa 4 da kwata, bai ma cika zagaye uku ba, kuma zagayen da ya rasa su ne masu mafarki mafi yawa. Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye. Ka tsayar da lokacin kwanciya guda ɗaya, ka riƙe shi har ranakun da ba aiki. Idan sana'a ba ta bari, kamar masu gadi, 'yan moto masu haya da babur da direbobin hanyar Garwa zuwa Ngaundere, to a rama da barcin bayan sallar asuba na awa ɗaya da rabi cif. Wannan barci cike yake da mafarki, shi ya sa a watan azumi mutane ke yawan ba da labarin abin da suka gani bayan sahur. Ƙailula ta minti 20 tana wartsake jiki, amma galibi ba ta kaiwa wannan mataki.

3. Duba abin da ke shiga cikinka daga la'asar

Goro, shayi mai kauri irin na ƙananan kofuna, Nescafé da lemunan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin. Jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa. Wato goron da aka ci da magariba rabin ƙarfinsa na nan ƙarfe 11 na dare. A bar aƙalla awa 6 tsakanin goro ko shayin ƙarshe da kwanciya. Sallar la'asar iyaka ce mai sauƙin tunawa. Taba ma tana tsinka barci. Tuwo mai nauyi da miya mai yaji a ci su awa 2 zuwa 3 kafin a kwanta, domin ƙwannafi na tada mutum a tsakiyar mafarki, kuma irin wannan farkawa ce ke sa a ga kamar abincin ne ya kawo mugun mafarki.

Tramol, diyazefam da giya, har da bilbil, giyar gargajiya ta dawa, suna danne barcin motsin ido. Ranar da aka rage su ko aka daina, jiki yana rama bashin da aka ci masa, sai mafarkai su zo a jere, masu tsanani da ban tsoro.

Gargaɗi: wanda ya daɗe yana shan tramol ko diyazefam kada ya yanke dare ɗaya. A je wurin likita a tsara ragewa sannu a hankali. Munanan mafarkan kwanakin farko alama ce ta jiki na komawa daidai, kada su zama dalilin komawa ga ƙwaya.

4. Gyara wurin kwana, sannan ka ƙudurta niyya

A barcin motsin ido jiki ba ya iya daidaita zafinsa yadda ya saba, don haka zafi mai yawa yana gajarta shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Kusiri ke haura digiri 40, ɗakin kwano yana riƙe zafi har tsakar dare. A watsa ruwa kafin kwanciya, a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a kwana a waje cikin gidan sauro idan wurin da tsaro. Da hunturu kuma a rufa da kyau, kuma kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Ajiye waya minti 30 kafin ka kwanta. Yi alwala, ka karanta abin da ka saba, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka kwanta ta gefen dama kamar yadda sunna ta koyar. Buɗe kaye ka rubuta kwanan watan gobe a saman sabon shafi, ka saka bik a tsakiya. Sai ka faɗa a zuci sau uku: idan na farka zan tuna abin da na gani. Ƙaramin abu ne, amma yana aiki, kamar yadda mai tafiyar sassafe kan farka kafin agogo ya buga.

5. Mintunan farko bayan farkawa

Duk aikin a nan yake. Ƙwaƙwalwa ba ta adana mafarki kamar yadda take adana abin da ya faru da rana. Abin da ya rage a kai lokacin farkawa kamar raɓa yake a kan ciyawa, da hankali ya juya wani wuri shi ke nan.

Da ka farka, kada ka motsa. Kada ka buɗe ido, kada ka miƙe, kada ka fara lissafin bashi ko cefanen yau. Tambayi kanka abu ɗaya: ina nake yanzun nan? Duk abin da ya zo ka kama shi, ko fuskar mutum ce, ko bakin kogi, ko tsoro kawai ba hoto. Daga nan ka bi shi da baya: kafin wannan me ya faru, wa ke tare da ni, ta ina na shigo wurin? Mafarki ya fi saurin warwaruwa daga ƙarshe zuwa farko. Idan babu abin da ya zo bayan minti ɗaya, juya a hankali zuwa ɗaya gefen da ka saba kwanciya, ka sake jira. Idan har yanzu shiru, ka bi sunayen mutanen gidanku da abokan aikinka ɗaya bayan ɗaya a zuci. Sau da yawa suna ɗaya ne zai ja sauran. Ka maimaita labarin sau biyu a kai, ka zaɓi kalmomi uku da za su riƙe shi, misali "Binuwai, kwalekwale, Kawu", sannan ka buɗe ido ka rubuta su.

Wannan duka minti 2 zuwa 3 ne, ba zai sa ka rasa jam'i ba. Rubuta kalmomin uku kafin alwala, cikakken labarin kuma bayan an dawo daga masallaci. Uwa mai goyo da kukan jariri ke tayarwa ta riƙe kalma ɗaya tana maimaitawa har ta zauna shayarwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cewa "wannan ai ba zan manta ba, da safe na rubuta." Mafarkin ƙarfe 2 na dare da ba a rubuta ba da wuya ya kai safiya. Na biyu shi ne agogo mai ƙara da sai an tashi an je an kashe shi. A sa sauti mai laushi, a kusa da hannu.

6. Yadda ake rubutawa

Kowane shafi ya ƙunshi lokacin kwanciya da na tashi, abin da aka ci ko aka sha da yamma, maganin da ake sha idan akwai, sai mafarkin kansa. Rubuta shi kamar yanzu yake faruwa: "ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ba takalmi a ƙafata." Kada ka gyara shi don ya yi ma'ana. Idan gidan na Marwa ne amma ƙofarsa ta buɗe cikin kasuwar Njamena, haka za ka rubuta. Inda ka manta ka ja layi ka wuce, kada ka cike da ƙirƙira. A ƙasa ka rubuta abin da ka ji a zuciya da kalma ɗaya ko biyu, sai ka ba mafarkin suna.

Ranar da ba ka tuna komai ba, rubuta "ban tuna ba" tare da lokutan barcin. Shafin da ba komai shi ma bayani ne. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ake ganin canji.

7. Bita bayan mako biyu

Zauna da rana ka karanta duka. Za ka tarar yawancin abin da ka gani guntattakin rayuwarka ne: maganar da aka yi jiya, wani abu na kwanaki 5 zuwa 7 da suka wuce, damuwar kuɗin makaranta. Za ka ga kuma yadda abin da ke kewaye da mai barci ke kutsawa ciki, kiran salla ya zama wani na kiran sunanka, ruwan sama a kan kwano ya zama ganguna, mara cike da fitsari ta zama yawon neman makewayi. Mafarkin ana bin ka, ko faɗowa daga sama, ko zubewar haƙora, ko shiga jarrabawa ba shiri, mutane a ko'ina cikin duniya suna yin su. Tsoro da damuwa sun fi farin ciki yawa a mafarkin yawancin mutane, don haka kada yawansu ya firgita ka. Hadisin Abu Huraira ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci. Kayenka zai nuna maka yawan na ukun.

Gargaɗi, kuma da gaske muke: ganin kishiya, maƙwabciya ko wata tsohuwa a mafarki tana bin ka ba hujja ba ce a kanta. Ƙwaƙwalwa tana ɗauko fuskar wanda ke ranka ne. An raba zumunci, an kashe aure, an jefi bayin Allah da maita saboda abin da bai wuce wannan ba. Haka kuma a yi hattara da mai fassarar da ke fara maganarsa da kuɗin rago. Mafarki mai kyau a faɗa wa wanda ake ƙauna kawai, kuma kada a ƙara masa gishiri, domin hadisi ya yi kashedi mai tsanani a kan ƙaryar mafarki.

8. Mummunan mafarki

A daren da ya faru, abin da ya zo a Bukhari da Muslim a bayyane yake: tofi mara yawu sau uku ta hagu, neman tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da aka gani, da barin ba da labarinsa. A ruwayar Muslim an ƙara da juyawa zuwa ɗaya gefen, an kuma ce a tashi a yi salla. Kunna tocila, kalli ɗakin, sha ruwa, ka bari bugun zuciya ya sauka kafin ka koma. Irin wannan ba sai ka rubuta labarinsa ba. Sa alama kawai da lokacin da ya faru.

Idan kuwa yana dawowa sau ɗaya a mako ko fiye, har yana hana ka barci ko aiki, akwai hanyar da likitocin barci suka gwada suka tabbatar, wadda Dakta Barry Krakow na Amurka ya yi fice da ita. Ba ta buƙatar magani ko kuɗi. Da rana ake yi, ba da dare ba.

Kwana uku na farko ka koyi zana hoto mai daɗi a zuci. Rufe ido minti 5, ka ga wurin da ka sani kuma kake so, inuwar darbejiya a ƙofar gida ko gonar gero bayan ruwa, da launinsa da ƙamshinsa da sautinsa. Bayan haka ka zaɓi mafarki ɗaya. Idan suna da yawa fara da mai sauƙi, ka bar mafi muni sai hannu ya faɗa. Canza shi yadda ka ga dama: mai bin ka ya zama ɗan'uwa da ya biyo ka da saƙo, ruwan da ke cin gida ya tsaya a dokin ƙofa ya janye, ko ka sauya labarin tun daga farkonsa. Sabon labarin kaɗai za ka rubuta, layi 10 zuwa 15, da bayani dalla-dalla. Sai ka riƙa kallonsa a zuci minti 10 zuwa 20 kullum, a lokaci guda, misali bayan azahar. Kada ka haɗa fiye da mafarki biyu a mako. Ka ba shi makonni kafin ka yanke hukunci, kana ƙirga dararen da abin ya zo a kayenka. Sau da yawa tsananinsa ne ke fara raguwa kafin yawansa.

Kurakurai biyu ke ɓata wannan aiki: maimaita tsohon mafarkin a kai maimakon sabon, da yin kwana uku a bari.

Gargaɗi: wanda mafarkinsa ke maimaita abin da ya gani da idonsa, kamar waɗanda hare-hare suka raba da garuruwansu a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da bakin tafkin Chadi, ko waɗanda ambaliya ta ci gidajensu a Yagwa da Njamena, ya fi kyau ya yi wannan tare da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ana cikin yi sai abin da ya faru ya taso kamar yanzu ne, a buɗe ido, a taka ƙasa, a dakata.

9. Dannau

Mutum ya farka, yana ganin ɗaki, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ga nauyi a ƙirji, wani lokaci har da inuwar wani a bakin ƙofa. Abin da ke faruwa shi ne hankali ya farka amma sakin gaɓoɓin nan na barcin motsin ido bai ƙare ba, mafarki kuma yana zuba cikin ɗakin. Kimanin mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, kuma ya fi yawa a tsakanin ɗalibai. Yana ɗaukar daƙiƙoƙi zuwa 'yan mintuna, numfashi kuma bai tsayawa ko da an ji kamar ya tsaya.

Kada ka yi kokawa da shi, hakan na ƙara tsoro. Ja numfashi a hankali, yi zikiri a zuci, ka mai da hankali kan motsa yatsa ɗaya ko ƙifta ido. Da ya sake ka, tashi zaune minti 5, domin komawa nan take na iya dawo da shi. Rigakafinsa barci isasshe a kan lokaci da barin kwanciyar rigingine. Matashi a bayanka zai hana ka juyawa.

10. Yara

Uwa, ki bambance abu biyu. Yaron da ya farka da kuka a ƙarshen dare, ya gane ki, ya ce kura ta biyo shi, mafarki ya yi; ki rungume shi, ki yi masa addu'a, ki zauna har ya koma. Wanda kuwa ya zabura da ihu awa 1 zuwa 3 bayan kwanciya, ido buɗe, gumi sharkaf, bai san ki ba, wannan firgitar barci mai nauyi ce, ta fi yawa daga shekara 3 zuwa 7. Kada a girgiza shi ko a watsa masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a jira, zai kwanta da kansa kuma da safe ba zai tuna ba. Idan kusan lokaci ɗaya take zuwa kullum, a tashe shi a hankali minti 15 kafin lokacin, a yi haka mako ɗaya ko biyu.

Gargaɗi: idan akwai zazzaɓi tare da sambatu, sanƙarewa, fizge-fizge ko yaro ya ƙi farkawa sosai, musamman da damina, ba maganar mafarki ake ba. Zazzaɓin cizon sauro na iya taɓa ƙwaƙwalwa. A tafi asibiti a daren.

11. Lokacin zuwa wurin likita

A je idan munanan mafarkai sun fara bayan sabon magani. Meflokin na zazzaɓin cizon sauro, efabirenz na masu ɗauke da ƙwayar cutar sida (ƙanjamau), da furofuranolol na hawan jini duk an san su da wannan. Na efabirenz yakan lafa cikin makonni 2 zuwa 4, kuma shan sa bayan abinci mai maiƙo na ƙara shi. Kada a daina ko ɗaya ba da izinin likita ba.

A je idan mutum, musamman namiji da ya haura 50, yana naushi, shuri ko faɗowa daga gado yana aikata abin da yake mafarki. Sakin gaɓoɓin ne ya daina aiki, kuma yana iya zama alamar farko ta ciwon jijiyoyi irin Parkinson shekaru kafin rawar hannu ta bayyana. Kafin ganin likita a sauke katifa ƙasa, a kawar da wuƙa, fitila da duk abin fashewa. A je kuma idan akwai munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi da mafarkin shaƙewa, ko barci na kwashe mutum da rana ba shiri, ko mafarkan sun zo da baƙin ciki mai tsanani da tunanin halaka kai. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe.

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa, su za su tura zuwa babban asibitin yanki a Garwa, Marwa ko Ngaundere idan da buƙata. A tafi da kayen, da kwalayen duk magungunan da ake sha har da na gargajiya, da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi, domin shi ne ya ga abin da mai barci bai gani ba.